Yadda ake tsara dokar hukumar leƙen asiri, idan aka fara karanta ta daga Mai Wurno

Duk wanda aka ɗora wa rubuta dokar da za ta kafa hukumar leƙen asiri ta ƙasa, kafin ya ɗauki alƙalami ya kamata ya tuna da rana guda, 31 ga Disamba 1897. Ita ce ranar da dokar zama ɗan ƙasa ta Sudan ta 1957 ta gitta a matsayin iyaka: wanda iyayensa da kakanninsa na wajen uba ba su zauna a ƙasar tun daga wannan rana ba, ba ya cikin 'yan asali. Mutanen Mai Wurno kuwa, garin da ke bakin kogin Nil Azrak kudu da Sinnar, sun baro ƙasar Hausa ne bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a suka yi gabas. Waɗanda suka tsaya a kan hanyar Makka, da waɗanda aikin auduga ya riƙe a Jazira bayan an gama madatsar Sinnar a 1925, su ma bayan wannan rana suka sauka. Daga baya an matso da iyakar zuwa 1956, amma tabon bai goge ba, har gobe akwai Bahaushen da ake sa wa ido biyu in ya je neman jinsiyya, wato takardar zama ɗan ƙasa, ko raƙam watani, lambar shaidar ɗan ƙasa. Wanda ya rubuta waccan rana wataƙila bai taɓa taka Mai Wurno ba, amma layi ɗaya da ya ja ya bi jikoki da tattaɓa-kunne. Dokar leƙen asiri ta fi ta jinsiyya kaifi nesa ba kusa ba, don haka ma'aunin da ya dace mai rubuta ta ya riƙe shi ne ya karanta kowane sashe yana kallon mutumin da ya fi kowa sauƙin zargi, manomin da ake shakkar takardunsa, mai magana da harshen da jami'i ba ya ji. Wanda ya yi wannan karatu tsakaninsa da Allah zai iso wuri ɗaya: hukumar ta zama ido da kunne na gwamnati, a hana ta hannu.

Aikin yana farawa da takardar manufa, ba da sassan doka ba. Gwamnati ta rubuta a fili irin barazanar da take so hukumar ta sa wa ido, da abin da 'yan sanda da soja ba za su iya yi ba har ake buƙatar wata hukuma dabam. Sannan masu tsarawa a ma'aikatar shari'a su tattaro duk tsofaffin dokoki su baje su a tebur, domin a Sudan ba a kan fili fetal ake gini ba. Akwai Amnul Daula, hukumar tsaron ƙasa ta zamanin Numairi, wadda aka rushe bayan boren Afrilu 1985, akwai dokar 1999, akwai haɗe tsaron ciki da na waje da aka yi a 2004 aka sami NISS a hannun Salah Gosh, akwai dokar tsaron ƙasa ta 2010, sai sauya suna zuwa Babbar Hukumar Leƙen Asiri a Yulin 2019. Babban darasi a nan yana tsakanin 2005 da 2015. Kundin tsarin mulki na riƙon ƙwarya na 2005, a sashe na 151, ya ce aikin hukumar ya karkata ga tattara bayanai da nazarinsu da ba hukumomi shawara. Majalisa ta zo ta zartar da dokar 2010 wadda ta ba ta ikon kamu da tsarewa da bincike da ƙwace dukiya, kamar ba a taɓa rubuta wancan sashe ba. A Janairun 2015 kuma, maimakon a gyara dokar ta dace da kundi, sai aka gyara kundin ya dace da hukumar, aka mai da ita runduna. Ke nan jimla mai daɗi a kundi ba ta wadatar. Dole kundin ya faɗi abin da aka haramta wa hukumar ƙarara, dokar ta maimaita shi da kalmomi iri ɗaya, a kuma ba kowane ɗan ƙasa damar kai ƙara kotu idan wani sashe ya saɓa.

Sashen fassarar kalmomi shi ne wanda 'yan majalisa suka fi tsallakewa, alhali nan ake binne nakiya. Idan aka rubuta cewa aikin hukumar shi ne "kare tsaron ƙasa da haɗin kanta da zaman lafiyar al'umma", aka yi shiru, an ba jami'i buhu marar gindi, duk abin da ya ga dama zai cusa: wa'azin malami, taron manoma kan kuɗin ruwa, ƙorafi a Facebook. Tsararren sashe yana lissafa barazana ɗaya bayan ɗaya ya rufe ƙofa, misali leƙen asiri don wata ƙasa, zagon ƙasa ga madatsun ruwa da hanyoyin sadarwa, shirya tashin hankali da makami don cimma manufar siyasa ko ta addini ko ta ƙabila, yunƙurin kifar da gwamnati da ƙarfi. Kanada ta yi haka a dokarta ta 1984, ta kuma ƙara da cewa fafutuka da zanga-zanga da adawa ta halal ba sa cikin barazana sai in an haɗa su da ɗaya daga abubuwan da aka lissafa. Sudan tana buƙatar wannan toge da ƙari a kansa. A rubuta cewa ƙabila, ko harshe, ko launin fata, ko garin asali, ko rashin takardar shaida, ko zama a yankin da wani ɓangare ya taɓa mamayewa, babu ɗaya daga cikinsu da zai zama dalilin buɗe wa mutum fayil. Wannan ba tsoron iska ba ne. Tun ɓarkewar yaƙi tsakanin soja da dakarun RSF a 15 ga Afrilu 2023 mutane ke maganar abin da suke kira dokar baƙin fuskoki, wadda ba majalisar da ta zartar, amma ana tare mutum a shinge saboda kamanninsa. Kalmar muta'awin, wato mai haɗa baki da abokan gaba, ta zama tambarin da ake manna wa ƙauye sukutum. A Janairun 2025, daidai lokacin da soja ke ƙwato Wad Madani, an kai hari Kambo Ɗayyiba, ɗaya daga kanabi, matsugunan 'yan ƙwadagon gona na Jazira, inda ƙungiyar Human Rights Watch ta ce mayaƙan Dir'us Sudan masu mara wa soja baya sun kashe aƙalla mutum 26. Ba hukumar leƙen asiri aka ɗora wa wannan ba, amma ya nuna abin da kalma marar iyaka ke haifarwa idan ta faɗa hannun mai bindiga.

Daga nan sai sashen da ya fi kowanne nauyi, ikon kamu. Sashe na 50 na dokar 2010 ya ba jami'i damar tsare mutum kwana 30, shugaban hukuma ya ƙara 15, majalisar tsaron ƙasa ta ƙara wata uku, jimla wata huɗu da rabi ba tare da alƙali ya ga fuskarsa ba. A ɗauka manomi ne a wani ƙauye kusa da Sinja. Motar boksi ta tsaya ƙofar gidansa bayan isha, mutum uku cikin farin kaya suka ce ya zo minti biyar. Da safe matarsa ta je wurin omda, wato dagaci, ta ce, "Ranka ya daɗe, mutanen amni sun tafi da maigidan." Omda ya tambayi ofishin 'yan sanda, suka ce ba ya littafinsu, kuma gaskiya suka faɗa. Aka je niyaba, ofishin masu gabatar da ƙara, aka ce babu ƙara. Wata huɗu da rabi ya ishi dawa ta nuna ta zube a gona, ya ishi bashin shuka ya cinye akuyoyin gida. A ƙarshe ko an sake shi ba tuhuma, an riga an hukunta shi. Shi ya sa ƙasashen da suka ɗanɗana suka raba gari da wannan iko. Bayan abin da Gestapo ta yi, tun 1949 aka gindaya wa Jamus ta Yamma cewa hukumar leƙen asirinta ta cikin gida ba za ta riƙe ikon 'yan sanda ba, kuma haka abin yake har yau. MI5 ta Ingila, wadda sai a 1989 aka yi mata doka, ba ta kama kowa, 'yan sanda take miƙa wa. Dokar Amurka ta 1947 da ta kafa CIA ta hana ta ikon 'yan sanda da aikin tsaron cikin gida. Takardar tsarin mulkin Sudan da aka sa wa hannu a 17 ga Agusta 2019 ita ma kan wannan turba ta dawo, ta taƙaita aikin hukumar ga tattara bayanai da nazari da miƙa su ga masu iko. Sashen da ya dace gajere ne: hukumar ba ta da ikon kamu ko tsarewa ko mallakar wurin tsare mutane, duk abin da ta gano na laifi ta kai wa niyaba.

Za a ce ai wannan maganar masu zaman lafiya ce, ƙasar da ake yaƙi a cikinta, wadda RSF ta ƙwace mata Wad Madani a Disambar 2023 da Sinja a Yunin 2024, ba ta da sararin jiran takardar alƙali, 'yan sandanta kuma sun tarwatse. Hujja ce mai nauyi, kuma ita aka kafa da aka yi gyaran 2024 wanda ya maido wa hukumar ikon kamu da bincike da rigar kariya. Amma a duba abin da ya faru a Nil Azrak. Bayan juyin mulkin 25 ga Oktoba 2021, a Disambar shekarar Janar Burhan ya fitar da umarnin ta-ɓaci da ya maido wa hukumar ikon kamu. Da wannan iko a aljihunta aka shiga 2022. A watan Yuli rikici ya ɓarke tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun yankin bayan taƙaddama kan neman sarauta a tsarin idara ahliyya, wato mulkin gargajiya, da batun mallakar ƙasa, aka kashe fiye da mutum 100 a Rusairis da Gaisan da kewaye, dubbai suka gudu zuwa Sinnar da Jazira da Farin Nilu. A Oktoba aka sake a Wad al-Mahi, aka rasa fiye da 200. Tsakanin Yuli da Oktoba wata uku ne, ba wani sirri a ciki, kalaman ƙiyayya a fili suke yawo. Ikon kamu bai tare komai ba, domin abin da ake buƙata shi ne labari ingantacce ya isa ga mai yanke shawara da wuri, shi kuma ya motsa. Labari kuwa daga bakin mutane yake fitowa, kuma mutumin da ya san cewa duk wanda ya shiga ofishin amni, wato hukumar tsaro, ba lallai ya fito ba, ba zai kai kansa can ya ce ya ga ana tara makamai a bayan gari ba. Idan 'yan sanda sun yi rauni, su za a gyara. Abin da ya kamata a ƙara wa dokar shi ne sashen wajabcin gargaɗi: duk lokacin da hukumar ta sami bayanin barazana ga rayukan wata al'umma, dole ta sanar da gwamna da shugaban 'yan sanda a rubuce cikin sa'o'i ƙayyadaddu, ta ajiye kwafi mai kwanan wata, domin gobe in an yi ɓarna a san wanda ya sani ya yi shiru.

Mai tsara doka ba koyaushe yake cin nasara a kan 'yan siyasa ba. Idan aka tilasta masa ya bar ikon kamu, aikinsa ya koma ɗaure shi tamau. Kada tsarewa ta wuce sa'a 48 kafin a gurfanar da mutum gaban alƙali da jikinsa, kamar yadda ƙa'idojin Luanda na 2014 na hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Afirka suka tanada. A tsare shi a wurin da aka wallafa sunansa a gazet kawai, a shigar da shi littafin da niyaba da lauya za su iya dubawa, likita ya duba shi ranar shiga da ranar fita, a kawo masa tafinta in Larabcinsa bai kai na kotu ba. A nan ne ake gane gwanin rubutu da mai wayo. Sashe na 51 na dokar 2010 ya ba wanda aka tsare damar tuntuɓar iyalinsa da lauyansa, sai ya liƙa sharaɗin cewa in hakan ba zai cutar da bincike ba, wanda zai yanke ko ya cutar kuwa shi ne mai binciken. An bayar da dama an karɓe da hagu. Duk inda ka ga "in hali ya yi" ko "gwargwadon buƙata" a jikin haƙƙin wanda aka tsare, ka soke. Gidajen fatalwa na shekarun 1990, da wurin da fursunonin boren 2018 suka laƙaba wa suna Talaja a Khartum Bahri saboda sanyin da ake gana musu, duk a inuwar irin wannan sassauci suka rayu. Tun da Sudan ta shiga yarjejeniyar hana azabtarwa da ta hana ɓatar da mutane a Agustan 2021, dokar ta ambace su da suna, ta ce duk maganar da aka tatsa da azaba ba ta shiga kotu.

Haka nan a hana hukumar runduna. Dakarun kai ɗaukin gaggawa, RSF, a ƙarƙashin NISS aka kafa su a 2013 kafin dokar 2017 ta mai da su gefen soja, kuma kowa ya ga inda wannan shuka ta kai ƙasar. Hukumar tana kuma da nata reshen mayaƙa, Hai'atul Amaliyat, wanda da aka zo rushe shi 'yan cikinsa suka yi bore a Khartum a 14 ga Janairu 2020 kan kuɗin sallama, aka wuni ana harbe-harbe har aka rufe filin jirgin sama. Sashe ɗaya ya isa: jami'i ba ya riƙe makami sai ƙarami don kare kansa da ginin hukuma, kuma haramun ne hukumar ta kafa, ko ta horar, ko ta ba wata ƙungiya makami ko kuɗi.

Abin da ya rage wa hukumar bayan an cire hannu shi ne ikon gani da ji a ɓoye, wato sauraron waya, karanta saƙonni, shiga gida ba da sanin mai shi ba, ɗaukar 'yan rahoto. Waɗannan su ne kayan sana'ar, ba za a hana ba, sai dai kowanne ya bi ta hannun alƙali. Dokar ta faɗi abin da takardar neman izini za ta ƙunsa: sunan mutum ko lambar waya, wace barazana ce daga cikin waɗanda aka lissafa, hujjar da ta sa ake zarginsa shi kansa, dalilin da ya sa hanya mai sauƙi ba za ta wadatar ba, da tsawon lokaci, wanda bai kamata ya wuce wata uku ba sai an dawo an sabunta. Ba a ba da izini a kan ƙauye ko unguwa ko masallaci dungurungum. Amurka ta kai ga irin wannan tsari ne a 1978 bayan kwamitin Sanata Church ya tona yadda aka yi ta leƙen 'yan ƙasa, Afirka ta Kudu kuwa kotun tsarin mulkinta a 2021 ta ce dokar sauraron waya ta gaza, ciki har da rashin sanar da mutum bayan an gama sauraronsa. A ɗauki wannan: in an rufe bincike ba a sami komai ba, a sanar da shi, a goge abin da aka tara. A kan 'yan rahoto kuma akwai abin da ya shafi ƙauyukanmu kai tsaye. Inda ake rigimar hawasha, wato gonar rani, ko rabon ruwan tur'a, magudanar ban ruwa, ko gadon sarauta, hanya mafi arha ta kawar da abokin hamayya ita ce a kai sunansa ofishin amni. Dokar ta hana a ɗauki mataki kan bakin mutum ɗaya, ta sa kai rahoton ƙarya da gangan ya zama laifi, ta kuma hana tilasta wa omda ko limami ko malamin makaranta zama ɗan rahoto. Jarida kuwa a cire ta daga hurumin hukumar gaba ɗaya, don kada a maimaita 16 ga Fabrairu 2015, ranar da aka ƙwace bugun jaridu 14 a safiya guda.

Sashe na 52 na dokar 2010 ya ce ba a tuhumar jami'in hukumar, ko mai yi mata aiki, a kan abin da ya yi a bakin aiki sai da amincewar shugaban hukuma. An ba kura ajiyar nama ke nan. Ahmad al-Khair, malamin makaranta a Khashm al-Girba ta jihar Kasala, ya mutu a hannun jami'an hukumar a farkon Fabrairun 2019 bayan azabtarwa. Sai da gwamnatin Bashir ta faɗi a Afrilu kafin shari'a ta kankama, a 30 ga Disamba 2019 kotu a Omdurman ta yanke wa 29 hukuncin kisa. Adalcin da sai an kifar da gwamnati ake samunsa ba tsari ba ne da za a dogara da shi. Masu kare rigar kariya suna cewa jami'in da ke tsoron kotu ba zai yi aiki ba, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin wanda ya shiga gida da izinin alƙali bai kamata a kai shi ƙara kan kutse ba. To, a rubuta hakan daidai gwargwadonsa: kariya tana rufe abin da takardar izini ta ambata kaɗai, kotu ce ke yanke ko an tsaya cikin iyaka, kuma kisa da azaba da fyaɗe da ɓatar da mutum ba su da kariya ko da umarnin na sama ne. A ƙara da haƙƙin ƙaramin jami'i ya ƙi bin haramtaccen umarni, da hanyar da zai kai ƙorafi ba a ci masa mutunci ba. Manyan da ke son dokar ta yi kaifi kuma su tuna cewa Salah Gosh da kansa, bayan an sauke shi a 2009, an kama shi a Nuwambar 2012 bisa zargin juyin mulki, ya shafe watanni a tsare kafin a sake shi a 2013. In za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.

Sa ido daga waje hawa uku ne, kuma kowanne da aikinsa. Kwamitin majalisa, wanda dole 'yan adawa su kasance a ciki, yana duba manufa da kasafi. Sufeto mai zaman kansa, wanda majalisa ke naɗawa, yana shiga kowane ofishi ya buɗe kowane fayil ba sai ya nemi izini ba. Sai kotun ƙorafi mai ikon ba da diyya da umarnin goge bayanai. Ana yawan cewa 'yan majalisa bakinsu ba ya riƙe sirri. Maganin wannan sananne ne: kwamiti ƙarami, rantsuwa, ɗaki na musamman, hukunci ga wanda ya fallasa. Ingila ta kafa irinsa a 1994 kuma sama ba ta faɗo ba. Haɗarin da ya fi wannan shi ne kwamiti ya zama hoto. Afirka ta Kudu ta tanadi kwamiti da sufeto tun 1994, amma kwamitin bincike na Mufamadi da aka kafa a 2018 ya gano an juya hukumar zuwa hidimar ɓangaren siyasa a zamanin Zuma, masu sa idon kuma ba su tare ba. Saboda haka kuɗin sufeto kada ya bi ta hannun hukumar da yake bincika, kuma hana shi takarda ya zama laifi mai ɗauri. Ƙofar ƙorafi kuwa in a Khartum ko Bur Sudan kaɗai take, ba a yi ta don matar manomin nan ba. Dokar ta wajabta ofishi a Damazin da Sinja da Wad Madani, ta yarda da ƙorafin baki da kowane harshe, ta yarda dangi su shigar a madadin wanda ya ɓata, kuma kada a ce sai an nuna raƙam watani.

Batun kuɗi ba ya buƙatar dogon bayani. Jimillar kasafi a wallafa, dalla-dallansa babban mai binciken kuɗi ya gani a sirrance, kuma a hana hukumar mallakar kamfanonin kasuwanci, abin da NISS ta yi suna a kai. Najeriya ta ga nata a Afrilun 2017, da aka tarar da fiye da dala miliyan 43 a wani gida a Ikoyi, hukumar NIA ta ce nata ne, aka ƙare da korar shugabanta. Shugaban hukuma a naɗa shi da amincewar majalisa, wa'adi ɗaya ƙayyadadde, kada ya zama ɗan jam'iyya, duk umarnin da shugaban ƙasa zai ba shi kuma ya kasance a rubuce. Raba aikin ciki da na waje ya fi aminci, kamar yadda Najeriya ta raba hukumarta ta tsaro, NSO, gida uku a 1986, ko da yake tare ƙofar majalisar tarayya da jami'an DSS suka yi a Agustan 2018 ya nuna rabawa kaɗai ba ta isa. Ɗaukar ma'aikata ya game jihohi da ƙabilu, ko don amfanin aikin kansa: hukumar da ba ta da mai jin Hausa ko Barta ko Fulatanci a cikinta kurma ce a Nil Azrak.

Hanyar da dokar ta bi ta fito ita ma wani ɓangare ce na ingancinta. Majalisar dokokin riƙon ƙwarya da takardar 2019 ta yi alkawari ba a taɓa kafa ta ba, dokoki suka riƙa fita daga zaman haɗin gwiwa na majalisar mulki da ta ministoci. A Afrilun 2021, farar hula na cikin gwamnati, wani daftarin kafa hukumar tsaron cikin gida ya ɓullo, ya tayar da ƙura saboda ikon kamu da rigar kariyar da ke cikinsa, wanda ke nuna cewa sha'awar wannan iko ba ta masu kaki kaɗai ba ce. Abin da ya taka masa birki shi ne mutane sun karanta shi. Don haka a wallafa daftari aƙalla wata biyu kafin muhawara, a karanta shi a rediyon jihohi da harsunan mutane, a zauna sauraron jama'a a Rusairis da Mai Wurno da kanabin Jazira, a gayyaci waɗanda aka taɓa tsarewa su faɗi ta wace ƙofa aka shigar da su. Duk wani iko na musamman da aka bayar saboda yaƙi a sa masa ranar mutuwa, wata shida, in majalisa ba ta sabunta ba ya faɗi da kansa, kuma a rubuta cewa dokar ta-ɓaci ba ta taɓa sassan azaba da gurfanarwa gaban alƙali.

Saura masu cewa duk wannan tawada ce a kan takarda, wanda ke da bindiga zai take ta ranar da ya so, kamar yadda aka take ta 2005 da ta 2019. An take su, ba musu. Amma abin lura shi ne masu takewar ba su taɓa wadatuwa da bindiga ba: sun nemi dokar 2010, sun gyara kundi a 2015, sun fitar da umarni a 2021, sun yi gyara a 2024. Da takarda ba ta da nauyi da ba su wahalar da kansu ba. Ƙaramin jami'i yana son ya ga sashen da zai fake a bayansa kafin ya ɗaga hannu, lauya kuma yana buƙatar sashen da zai ɗaga a gaban alƙali. Wannan ne ya sa shafin ƙarshe na daftari, na sokewa da miƙa mulki, wanda galibi ake rubutawa a gajiye, yake buƙatar ido sosai. Ya ambaci dokar 2010 da duk gyare-gyarenta da umarnin ta-ɓacin da suka ba hukumar iko, ya soke su da suna da lamba. Ya ce ba jami'in da zai wuce sabuwar hukuma kai tsaye sai an tantance shi, waɗanda aka sallama a biya su haƙƙinsu a kan lokaci kuma a karɓi makamansu tukuna. Ya miƙa tsofaffin fayiloli ga ma'ajiya mai zaman kanta, ya haramta ƙona ko ɗaya, ya ba mutum damar ganin abin da aka rubuta a kansa. Ya kuma ba da kwana 30 daga ranar da dokar ta fara aiki a kawo duk wanda ke tsare a hannun tsohuwar hukuma gaban alƙali, a liƙa sunayensu a ƙofar kotun kowace jiha, wanda ba a tuhume shi ba a sallame shi ya koma gida.